Inda Kakarsa Take

Sansanin baƙi, Tsavo
4 ga Agusta

Yaya Diramu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiyata lau, in ban da ciwon bayan da duk direba yake fama da shi.

Kin san bana ruwan Afrilu bai yi abin kirki ba. Tafkin da ke gaban sansaninmu, wanda baƙi ke zama a baranda suna shan shayi suna kallon giwaye a bakinsa, ya ƙafe tun watan jiya. Jakunan dawa sun tafi, ɓauna sun bi su. Abin da ya rage mana raƙuman dawa ne, da 'yan barewa, da zabi, sai birai masu satar sukari a teburin karin kumallo.

Ga shi kuwa yanzu ne lokacin baƙi. Mota shida muke fitarwa kowace safiya. Mutum ya taso tun daga Jamus ko Italiya, ya daɗe yana shirin wannan hutu, an nuna masa hoton jajayen giwayenmu a takarda, ya zo na yi awa biyar ina zagayawa da shi ina nuna masa kashinsu. Makon jiya wata mata ta tambaye ni, cikin ladabi kuwa, ko da gaske akwai giwa a ƙasar nan. In muka ce mu kai su babban kogi, awa huɗu ce zuwa, huɗu dawowa, su sauko daga mota ko magana ba sa iya yi.

Sabon manajanmu ya tara mu ya ce in har ƙarshen Oktoba haka ake, zai rufe rabin tantuna ya sallami direba uku. Bai kama suna ba, amma ba sai an gaya mini ba. Sauran suna jin Jamusanci, ni Turancin ma a kan hanya na tsince shi.

Abin da ya hana ni sakat shi ne, giwayen nan ba su yi nisa ba. Da safe ina ganin sabon sawunsu ya ratsa hanya wajen duwatsun arewa, kashinsu da sauran ɗumi. Lallai akwai inda suke sha a kusa, wurin da ba ya cikin taswira, kuma ba wanda ya san shi a cikinmu.

Mutum ɗaya na sani da zai iya sani. Baba a dajin nan aka haife shi, a nan ya yi farauta har aka tashe su da aka mai da shi gandun namun daji. Amma kin fi ni sanin cewa shekara tara ke nan da na kama aikin nan, bai taɓa tambayata yadda yake ba, ni kuma ban taɓa ɗauko masa zancen ba. Ke ce yake zaune a gidanki, ke yake jin maganarki. Don Allah ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki tambaye shi a hankali: a shekarar fari, ina giwayen gefen arewa suke shan ruwa?

Motar kayan abinci ce ke kai wasiƙunmu garin Voi, duk mako biyu, ita ke kawo naku. In kin ji jinkiri, daga nan ne.

Ƙanenki,
Barisa

Mombasa
17 ga Agusta

Ƙanena Barisa,

Wasiƙarka ta iso ranar Talata tana warin man mota. Muna lafiya, mun gode Allah. Yara suna makaranta, maigida yana tashar jirgin ruwa kamar kullum, ni kuma ina bakin kaskon mahamri, fanken nan namu na kwakwa. Ƙafar Baba tana kumbura ta saɓe. Yana shan magani in ina tsaye a kansa, in na juya baya ya tura shi ƙarƙashin tabarma. Wuni yake a gindin bishiyar ƙofar gida yana zagin zafin garin nan da hayaniyarsa.

Na yi abin da ka ce. Na dafa masa shinkafa da kwakwa da kifi, na bari ya side hannu, sannan na karanta masa wasiƙarka tun daga sama. Wurin matar da ta tambaya ko akwai giwa, na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya. Da na zo kan tambayar, sai ya ce in ba shi ruwan wanke hannu. Shi ke nan.

A rana ta uku da safe, ina tsakiyar suya, masu saye sun cika ƙofa, sai ga shi ya dogaro sandarsa ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ki ce masa ya je inda kakarsa take."

Na ce, "Baba, me ka ce?" Ya maimaita, ya juya ya koma gindin bishiyarsa. Mai yana ƙonewa, ban bi shi ba.

Na rubuta maka ne yadda ya fito daga bakinsa, don ka ce in tambaya kuma na tambaya. Ka yi haƙuri, Barisa, kada ka sa abin a ranka. Tsufa ne, ga ciwo, ga shi kuma ka taɓo inda yake masa zafi. Allah zai kawo maka wata hanya. In aikin ya ƙare ma, ba kai ne farkon direban da ya dawo Mombasa ba, motocin haya sun fi mutane yawa a nan.

Ka riƙa sa ƙaramin matashi a bayanka in kana tuƙi.

Yayarka,
Diramu

Mombasa
21 ga Satumba

Barisa,

Ina gaishe ka, in har kana raye. Mu dai muna nan lafiya.

Mako biyar ke nan. Motar kayan abincin taku ko da raƙumi ake jan ta ai ta ci a ce ta je Voi sau biyu. Na aika a tambayi wani direban kamfaninku da ya kawo baƙi bakin teku, ya ce ya gan ka da ƙafafunka kana wanke mota. To, lafiyarka lau ke nan, rubutun ne ba ka ga dama ba.

Bari in gaya maka abin da ba ka tambaya ba. Baba ya faɗi a banɗaki ranar Laraba ta makon jiya. Babu karaya, goshinsa ne ya fashe, an yi masa ɗinki uku. Ni da maƙwabciyata muka ɗaga shi. Ya yi sauƙi, ya koma cin abincinsa.

Kuma ya dame ni da zancenka. Duk la'asar, in maigida ya dawo daga duba akwatin gidan waya, kafin ya cire takalmi Baba ya tare shi: an samu? In aka ce babu, sai ya juyo kaina kamar ni na ɓoye. Shekaranjiya ya ce da ni, "Ya je kuwa? Ya same su?" Na ce su wa. Ya dube ni irin kallon da yake mana muna yara in mun kasa kunna wuta. Ya ce in kana zuwa ka bi ta inda iska ke dukan fuskarka, in ba haka ba ko wutsiya ba za ka gani ba.

Ni ban gane kanku ba, kai da shi. Ɗaya ya yi magana rabi ya tafi, ɗaya ya yi shiru gaba ɗaya, ni an bar ni a tsakiya da kasko. Ka rubuto, ko layi biyu ne.

Diramu

Sansanin baƙi, Tsavo
3 ga Oktoba

Yaya Diramu,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ki yi wa Baba sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Da na karanta zancen faɗuwarsa sai da na zauna a kan tayar mota. Ni lafiyata lau, kamar yadda ɗan leƙen asirinki ya gaya miki.

Duka wasiƙunki biyu sun zo. Ta farkon ce ta hana ni rubutu, kuma gara in faɗa miki gaskiya. Kakarmu ta rasu tun ba a haife mu ba. In uba ya ce da ɗansa ya je inda matacciya take, me ake so ɗan ya fahimta? Ke ma ai haka kika ji ta, shi ya sa kika ba ni haƙuri. Na karanta layin nan ya fi sau ashirin. Na fita da baƙi ina murmushi ina nuna musu jimina, maganar tana yi mini yawo a kai.

Ba ki nan ranar da na gaya masa na samu aikin nan. Yana gyara ƙotar gatari, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce Turawa sun kore su daga dajin, sun ɗaure shi shekara biyu a kan giwa ɗaya, yanzu kuma ɗansa ne zai riƙa buɗe musu ƙofar mota. Tun ranar nake jiran ko ya sa mini albarka ko ya ƙarasa abin da ya fara. Da wasiƙarki ta zo, na ce to, ya ƙarasa.

Amma ta biyun ta rikita ni. Wanda ya yi maka baki ba ya tambayar ko ka isa lafiya, balle ya gaya maka ta inda za ka bi iska. Ko dai akwai abin da ban gane ba?

Nan babu canji. Sama fes, ko ɗigon gajimare. An riga an naɗe tanti huɗu. Ki karanta masa wannan in kin ga zai iya ɗauka, in ba haka ba ki jefa ta a murhu.

Ƙanenki,
Barisa

Mombasa
12 ga Oktoba

Ƙanena,

Muna lafiya, an cire wa Baba zaren ɗinki. Ina fata bayanka ya yi dama.

Ban jefa ta a murhu ba, na karanta masa duka. Da na zo inda ka ce ka ɗauka baki ya yi maka, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na bubbuga masa baya. Ya ce shekara tara kana yawo a daji amma kan naka na ɗan birni ne. Da na zo zancen ƙotar gatari kuwa, dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Ya ce ya tuna ranar, kuma gatarin ma bai gyaru ba.

Ga abin da yake nufi. Mahaifiyarsa ta rasu ne a shekarar wani fari, shekara biyu kafin a tashe su. Lokacin suna zaune a gaɓar wani busasshen rafi a bayan duwatsun arewa, don nan ne kaɗai ake samun ruwa. Giwaye ne ke tona yashin da ƙafa da haure har ruwa ya tsattsafo. Su sha su tafi, sannan mata su sauka da tuluna su ɗiba. A saman gaɓar aka binne ta. Ya ce ai ya sha gaya mana. Na ce wallahi bai taɓa ba, ko sau ɗaya. Ya ce, "Ashe ban gaya muku ba."

Na ɗauko takarda na ce ya yi mini kwatance. Ya fara: wata kuka mai rassa biyu, wani dutse kamar bayan kunkuru, goruba bakwai a jere. Na ce daga ina za a fara? Ya ce daga inda aka kashe ɓaunar nan. Na ajiye alƙalami.

Yanzu ya ce shi zai zo ya nuna maka da kansa. Na ce ba inda za shi, mutumin da banɗaki ya kayar. Mun yi kwana biyu ba ma magana sosai. Jiya na dawo daga kasuwa na tarar ya wanke farar rigarsa da hannunsa ya shanya, ya sa an goge masa takalmi. Barisa, shekara uku yana gidan nan ban ga ya yi ɗokin komai ba. Na haƙura.

Zan sa shi a bas ɗin safe ranar Juma'a, 23 ga wata, ka tare shi a Voi. Maganinsa sau biyu a rana, ka tsaya har ka ga ya haɗiye. Ban da gishiri. Ban da tafiya a rana. In wani abu ya same shi, kada ka ma dawo garin nan.

Yayarka,
Diramu

Sansanin baƙi, Tsavo
27 ga Oktoba

Yaya Diramu,

Sallama da gaisuwa. Baba ne zai miƙo miki wannan da hannunsa, don haka lafiyarsa ke za ki gani. Bai tsallake magani ko sau ɗaya ba. Gishiri dai ki tambayi kukunmu, ni ban ga komai ba.

Manaja ya yi mini kirki. Ya ba ni kwana uku da tsohuwar mota, ya ce a sauke Baba a tantin baƙi tunda ga su nan babu kowa. Da kin ga mahaifinki. An kai masa ruwan zafi da tawul a naɗe, an tambaye shi ƙarfe nawa yake son shayi. Ya zagaya gadon nan sau biyu, ya janye bargon ya shimfiɗa a ƙasa. Da safe na same shi a baranda cikin Turawa, da farar rigarsa, an ajiye masa ƙwai da burodi, yana tambayar mai hidima ko babu ugali, tuwon masararmu.

Da yake za mu bar hanyar baƙi, ofishin daji ya haɗa mu da wani ma'aikacinsu mai bindiga, dattijo ne, sunansa Mutiso. Baba yana ganin kakin nan ya ƙame a kujera, ya ƙi kallon gefensa. Mutiso ya cire hula ya yi masa gaisuwar manya, ya ce shi ma mahaifinsa wannan aikin ya yi, a zamanin da ake bin maharba. Baba ya ce, "In yana cikin waɗanda suka bi ni, ka ce masa sun ba ni wuya." Mutiso ya ce ai ya rasu. Baba ya yi masa addu'a. Kafin rana ta take suna shan shayi a murfin fulas ɗaya.

Ranar farko ba mu samu komai ba. Baba ya bar kurmi ne mai duhu, ya dawo ya tarar da fili. Kukar mai rassa biyu babu ita, duwatsu kuma duk kamar bayan kunkuru suke. Ya ce in yi dama, ya ce a'a in koma, ya ce in tsaya. A hanyar dawowa ya ce, ba da ni ba, "Wannan ba ƙasar da na sani ba ce." Na yi nadamar kawo shi.

Washegari ya ce mu fita da sassafe mu tsaya a gindin duwatsun, in kashe mota. Bai ƙara neman itace ko dutse ba, sama ya yi ta kallo. Can sai ga kurciyoyi, biyu, biyar, goma, duk gefe ɗaya suka nufa. Ya nuna da sandarsa, ya ce ruwa za su. Muka bi wata tsohuwar hanyar kashe gobara da ciyawa ta rufe, muna tsayawa yana duban ƙudan zuma, yana sakin ƙasa daga yatsunsa ya ga inda iska ta kai ta. Shekara tara ina wuce kurciyoyin nan, Yaya.

Hanyar ta ƙare a kan wani falalen dutse. A ƙasa ga rafin, farin yashi, ga goruba a jere, biyar suka rage. Yashin duk ramuka ne, kowanne da ɗan duhun danshi a gindinsa. Muka zauna a mota. Sai da hantsi ya yi sosai giwayen suka fito, ba ƙara ba komai, kamar ƙasar ce ta tashi tana tafiya. Ashirin da uku na ƙirga, da 'ya'ya huɗu. Babbar ta sa ƙafa ta ture yashi, ta zura hanci har kusan ido, ta tsaya tana jiran ruwa ya taru. Wani ɗan ƙarami hancinsa bai kai ba, ya durƙusa ya cusa kai gaba ɗaya.

Na miƙa wa Baba madubin hangen nesa. Da fari ya riƙe shi a juye, Mutiso ya gyara masa. Ya kai rabin awa bai sauke ba. Sannan ya ce, "Ashe tana da gashin ido." Na ce wa? Ya ce giwa. Ya ce shekara ashirin ya yi yana bin su, ya kusance su har yana jin kukan cikinsu, amma inda kibiya za ta shiga kawai yake kallo, da inda zai gudu. Bai taɓa zama haka kawai ya dube su ba. Ya ce, "To, wannan ne abin da baƙin naku suke zuwa yi tun daga ƙasarsu?" Na ce shi ne. Ya ce ba laifi.

Da suka tafi, muka riƙe shi ni da Mutiso muka taka 'yan taku zuwa saman gaɓar. Kabarin dai bai gane shi ba. Duwatsun da suka tara sun watse, akwai wuri uku da za su iya zama shi. Ya tsaya a tsakaninsu ya ce tana nan dai. Ya yi mata magana a hankali da tsohon harshenmu, rabi ban ji ba. Bai yi kuka ba. Ni ne na koma mota.

Yanzu ga damuwata. Ban gaya wa manaja abin da muka gani ba, na ce masa sai na kai Baba tasha. Mutiso ya ce ofishinsu zai iya yarda a tsaya a kan dutsen. Amma kin san mu: mota ɗaya ta ga abu, ta faɗa a oba-oba, kafin a jima shida sun kewaye shi. In na faɗa, aikina ya tsira, wataƙila da na mutum biyu. Sai dai kakarmu ce a wurin. Na buɗe baki in tambaye shi sau uku na kasa. Ga shi na sake aiko ki. Wannan karon don Allah ki tambaye shi abin da yake nufi kafin ki rubuta.

Ƙanenki,
Barisa

Mombasa
30 ga Oktoba

Barisa,

Baba ya iso lafiya, mun gode. Ya yi baƙi, ƙafar ta ɗan kumbura, amma tun da ya sauka bakinsa bai rufu ba. Tsofaffin layinmu duk sun ji labarin gashin idon giwa, wasu sau biyu. Ya kuma tambaye ni dalilin da ba na kawo masa shayi da tawul.

Na karanta masa tambayarka. Ya ce in ɗauko alƙalami, wannan karon shi zai yi magana da kai. Na sa ya maimaita kowace jimla. Ga ta:

"Barisa, ka kai su. Ruwan ba nawa ba ne, ba naka ba ne, giwa ce ta tona. Amma mota biyu, kada ta wuce. A kashe inji tun daga nesa. Kada kowa ya sauka cikin yashi. Kuma kafin giwa ta fito, lokacin da kuke zaune kuna jira, ka gaya musu da mutane a wurin nan. Na ji ɗaya daga cikin baƙinku yana cewa ƙasar tana nan yadda Allah ya yi ta, ba wanda ya taɓa taka ta. Ka ce musu wata mata ta zauna a nan, sunanta Talaso. Gajera ce, ta haifi shida, huɗu suka rayu. Tana ɗiban ruwa giwa na tsaye a gefenta, amma in ta ga hawainiya sai ta zubar da tulu. Ka faɗa da Turancin naka ko yaya yake. Aikinka aiki ne. Allah ya yi maka albarka."

Na tambaye shi ko akwai wata ma'ana a ƙarƙashi. Ya ce in bar shi ya huta.

Shekarata arba'in da ɗaya, Barisa, sai yau na ji sunan kakata. Na fita bayan gida na faɗe shi ni kaɗai, don in ji yadda yake a baki.

Zan ba direban kamfaninku wannan, ya ce gobe zai wuce ta wajenku.

Yayarka,
Diramu

Sansanin baƙi, Tsavo
16 ga Nuwamba

Yaya Diramu,

Gaisuwa gare ku duka. Ki ce wa Baba na ji, na gode, kuma wasiƙar tana aljihun rigata. Lafiyata lau.

Na gaya wa manaja, da sharuɗɗan Baba. Ya so ya ja a kan mota biyu, Mutiso ya ce ofis ma abin da zai yarda da shi ke nan. Sau tara muka je, sau bakwai muka same su. An fasa sallamar kowa, aƙalla zuwa sabuwar shekara. Ranar Alhamis da ta wuce kuma ruwa ya sauko, kwana biyu yana zuba. Rafin ya kawo, ramukan sun shafe, giwaye sun watsu ko'ina. Yau da safe huɗu suka zo tafkin gaban baranda. Sai wani farin kuma.

Ranar farko da na tashi in faɗi saƙon Baba, na manta yadda ake cewa hawainiya da Turanci, sai da na kwaikwayi tafiyarta. Suka yi dariya, sannan suka kasa kunne. Wasu sun yi tambayoyi da yawa, har da waɗanda ban san amsarsu ba, zan tara su in kawo wa Baba. Wasu kuma agogo suke dubawa suna gyara kyamara.

Akwai wani tsoho mai son tsuntsaye, yana da ɗan littafi da yake rubuta duk wanda ya gani. Da na gama ya matso ya ce in faɗa masa sunan Talaso harafi bayan harafi. Na leƙa na ga inda yake rubutawa: a ƙarƙashin shaho ne, a saman wata 'yar kurciya. Na rasa ko haushi zan ji ko dariya zan yi. Ya ɗago ya tambaye ni ko ya rubuta daidai. Na duba, daidai ne. Na ce ya bar shi a nan.

Ƙanenki,
Barisa